Lissafin da Baba Bai Koya Mani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanen mahaifina, wanda mu a gida muke ce ma Baba, mutanen waje kuma ke ce ma Injiniya, ya rasu ran Talata da hantsi a gidanshi na Ƙanƙara, bayan wata biyu yana fama da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi. Yau kwana arba'in ke nan. Ni aji huɗu na yi a firamare, ban iya tsara magana irin ta masu jarida ba. Amma na ga kowa na faɗin nashi, har a rediyo an faɗa, kuma duk cikin masu faɗin ba wanda ya riƙe mashi tsani ko na yini guda. Ni shekara ashirin da biyu na riƙe. Don haka zan faɗi nawa, wanda ya ji haushi ya ji.

Ranar jana'iza, tun daga Faskari har Sabuwa masu injin niƙa suka kashe injinansu, ba su tayar ba sai bayan la'asar. Ba wanda ya ce su yi. Mata suka yi ta zaman jira da ƙwaryar hatsi a bakin rumfuna, da aka ce masu Injiniya ne ya rasu ba wadda ta yi ƙorafi. Layinmu ya cika da motoci har ɗan garuwa ya rasa hanyar wucewa. Wani Alhaji daga Ruwan Godiya, ƙato, ya zauna kan tabarma yana share hawaye da bakin riga, yana cewa, "Shekara tara injin da ya zaɓar mani na aiki, ko tari bai taɓa yi ba. Wa zai ƙara gaya mani gaskiya?"

Na kusa da shi ya ce, "Ba kai ka kira shi marowaci ba, ranar da ya hana ka sayen babba?"

Ya ce, "Ni ne. Shi ya sa nake kuka."

Can gindin bishiyar bedi wani tsoho Bamaguje daga wajen Tafoki ya zauna shi kaɗai, da damin dawa da ya ɗauko a kan jaki. Bai shiga sahun salla ba, amma da aka ɗauki makara ya bi baya har maƙabarta, ya tsaya daga bakin shinge sai da aka gama. Shi ne mahaifin surukin Baba, mijin ɗiyarshi ta fari. Ku riƙe surukin nan, don da shi zancen zai yi ta tafiya.

Da aka dawo zaman makoki aka jera mu a zaure. Ni ke kusa da ƙofa, don Baba bai bar ɗa namiji ba, ni ne babba a cikin mazan jini. Mutum zai shigo ya miƙa mani hannu, "Ya ƙarin haƙuri?" Kafin in amsa ya wuce. Sai ya je gaban surukin ya durƙusa, ya kama hannunshi da hannu biyu, "Injiniya ƙarami, sai haƙuri. Yanzu kai ka rage mamu." Wani ma, Allah ya shirye shi, ya juyo ya ce mani, "Mai tsani, kai ma ka yi rashi fa. Sai ka riƙe wanga kamar yadda ka riƙe marigayi." Na ce to. Abin da ke damuna ranar nan ba duka ne na mutuwa ba, Allah ya sani, ni ma na sani.

Bari in fayyace don wanda bai san sana'ar ba. Aikin wuta kashi biyu ne. Akwai na hannu: jan waya, hawan falwaya, kafa mita, ɗaura fanka. Wannan duk mai ƙarfi da natsuwa na iya koya. Akwai kuma lissafi: a zo gida ko rumfar inji a duba, a ce wurin nan janareta mai ƙarfi kaza zai ɗauke shi, ko unguwar nan taransifoma mai kaza za ta ishe ta. Da kebiye ake faɗin ƙarfin, amma mu lambar kawai muke kira, ashirin, sittin, ɗari. Wanda ke faɗin lambar shi ne Injiniya. Shi ake shimfiɗa ma darduma. Sauran mu 'yan tsani ne. Na zo wurin Baba ina da shekara ashirin da huɗu, bayan mahaifina ya rasu, awon hatsi kuma ya ƙi ni. Ya koya mani na hannu har ba wanda ya kai ni a ƙasar nan, ba alfahari ba. Lissafi kuwa ya ɗauka ya ba wani. Abin da na so a duniya bai taka kara ya karya ba: ya ce mani, "Tafi ka auno wurin can, abin da ka ce shi ke nan." Ko sau ɗaya.

Shi a gidan gurzar auduga na Funtuwa ya koyi aikin tun zamanin Turawa, daga mai goge inji har ya zama mai kula da shi. Gajere ne, baƙi, da fensir kullum a soke a gefen hula. Bai yarda da littafi ba, a bayan takardar buhun siminti yake lissafi, in ya gama ya ninke ya sa a aljihun goro. In ya shiga ɗakin inji ba ya gaida kowa sai ya fara ɗora tafin hannu a jikin injin, ya yi shiru kamar mai duba mara lafiya. Inna, matarshi, takan ce da ita ma inji ce da ta samu kulawa. Shi kuma ya ce, "Ke ai ba ki taɓa mutuwa a tsakiyar aiki ba." Ta jefe shi da maficin hannunta.

Sai ga shekarun nan da kuɗin fetur suka malalo. Mutumin da jiya yake kan jaki zuwa kasuwar 'Yankara, yau ɗan kwangila ne, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinari da rediyo mai kaset. Wutar gwamnati ba ta kai ƙauyuka ba, inda ta kai ma ba ta zama. Kowa sai janareta. Kuma ba mai son wanda ya dace da gidanshi, kowa wanda ya fi na maƙwabci yake so. Nan Baba ya yi suna, nan ya yi maƙiya.

Ga yadda yake aiki. Ba ya faɗin lamba a zuwan farko. Zai je da safe ya zauna a ƙofar gidan, ya sha fura, ya yini. Zai ƙirga ƙwan lantarki da fankoki da firji, wannan kowa na iyawa. In akwai injin niƙa ko famfo mai aiki da lantarki sai ya ware shi daban. Ya ce irin waɗannan lokacin tashi suna jan wuta ninki biyar ko shida na abin da suke ci in sun miƙe, kamar yadda tayar da amalanke mai kaya daga tsaye ya fi ci gaba da tura ta wuya. Sannan ya ƙara sarari, kashi ɗaya cikin huɗu, don inji ya samu numfashi. Amma in ka ce a ba ka wanda ya ninka buƙatarka sau biyar, sai ya ƙi. Ya ce injin gas in bai samu kaya ba lalacewa yake, ya riƙa dalalar da baƙin mai ta salansa, kafin ka ankara ya zama na 'yan gwangwan.

Na sha jin ana yi mashi ihu a kan haka. "Kuɗina ne ko naka, Malam?"

Sai ya gyara hula ya ce, "Naka ne, Alhaji. Sunan kuma nawa ne. Je ka saya, amma kar ka ce ni na auna."

Wannan duka lissafi ne, injiniyoyin birni ma sun san shi. Abin da ya bambanta Baba da su daban ne. Mutanenmu ba su faɗin abin da za su saya kafin ya iso. Tsoron baki. Mutum ya riga ya sayi injin casar shinkafa, yana kan hanya daga Kano, ka tambaye shi ya ce maka, "Abin da ka gani shi ke nan, Malam." A ganinshi ba ƙarya ya yi ba, tsare kanshi ya yi. Baba ya san haka, shi ya sa ba ya tambayar mai gida. Magini yake tambaya, wane ɗaki aka ce ya bar ma ƙofa mai faɗi. Direban gidan yake ja da hira, ina da ina aka aike shi a watan nan. Ya zagaya baya kamar zai kama ruwa, ya ga inda aka zuba sabon siminti. In ya gama sai ya sa abin da ba a faɗa ba a cikin lissafi, kuma ba ya ambatonshi. Mai gida ya ga lamba ta fi abin da ya nuna, ya kalli Baba, Baba ya kalle shi, kowa ya gane, ba a ce komai ba.

Surukin nan, a wani ƙaramin asibitin mishan kusa da Tafoki muka same shi. Lokacin bai yi aure ba, shi ke kula da ɗakin magani, ya yi makarantar mishan har ya iya Turanci. Muna haɗa masu famfon rijiya, ni ina kan tsani. Aka tayar da famfo, fitilar ɗakin ta dushe, sannan ta dawo. Sai ya ce, "Baba, me ya sa fitila ta yi ƙasa da famfon ya tashi, ta kuma dawo alhali famfon bai tsaya ba?" Baba ya juyo ya dube shi tun daga kai har ƙafa. Ni shekara goma sha biyu ina ganin fitila na yin haka, ban taɓa tambaya ba. Ba don ba ni son sani ba. A gidanmu ba a tambayar babba, jira ake ya faɗa. Na yi ladabi, wani ya yi katsalandan, shi aka ɗauka.

Bayan wata uku ya bar asibitin ya biyo mu. Bayan shekara biyu ya musulunta don kanshi, ba wanda ya matsa mashi, ɗiyar Baba kuma ta ce shi take so. Zan faɗi gaskiya ko ba ta yi mani daɗi ba: mutumin nan bai taɓa yi mani laifi ba. Yaya yake ce mani. In mun je aiki, shi ke ɗebo mani ruwa in na sauko. Da yana da mugun hali da na samu abin kamawa. Ba shi da shi. Wannan ya fi komai ci mani rai.

Shekarar da aka zo ƙara wuta a unguwar kasuwa ta Ƙanƙara, aka turo wani matashin injiniya daga birni, da farar hular ƙarfe da takardu a hammata. Ya ƙirga gidaje, ya ce taransifoma mai ɗari ta isa har ta yi yawa. Mai unguwa ya kira Baba ya sa baki. Ina kan falwaya ina ɗaure waya, su suna ƙasa a inuwa, Baba da surukinshi kafaɗa da kafaɗa a kan takardar siminti guda.

Baba ya ce, "Samari, gidaje ka ƙirga?"

"Gidaje mana, Baba. Kowane gida ƙwai huɗu da fanka ɗaya."

"'Yan mata nawa za a kai ɗakin miji a unguwar nan bayan kaka?"

Injiniyan ya yi dariya. "Baba, ni wuta na zo sawa, ba ɗaurin aure ba."

"To kowace amarya yanzu da dutsen guga take zuwa, da abin dafa ruwa. Dutsen guga ɗaya ya fi ƙwai goma ci. Ka ƙirga teloli? Ka ƙirga masu sayar da ruwan sanyi? Azumi na tafe, da la'asar kowane firji a garin nan tare zai tashi. Ba don hantsin Talata ake auna wutar unguwa ba, don yammacin azumi ake auna ta."

"Takarda ba ta ce haka ba."

"Takardar taka ta taɓa aurar da ɗiya?"

Mai unguwa da 'yan kasuwa suka kafe, aka kawo mai ɗari biyu. Tana nan har yau, tana gurnani da yamma amma ba ta taɓa ƙonewa ba. Mutane wannan suka riƙe. Ni abin da na riƙe daban ne. Da injiniyan ya tafi, Baba ya zare fensir daga hula ya miƙa ma surukin ya ce, "Sake bugawa in gani." Ya ɗaga kai sama ya ce mani, "Kai kuma ja wayar can, ta yi ciki." Duk karatun lissafin da na yi, daga saman falwaya na yi shi, da kunne, kamar ɓarawo.

Shi ya kai ni ga abin da ya faru a 'Yankara. Wani Alhaji mai injin niƙa a can ya aiko neman Baba, lokacin Baba da surukin sun tafi Kaduna duba kaya. Na hau babur na tafi da kaina, ban gaya ma kowa ba. Alhajin ya taso ya tarbe ni, ya ce, "Injiniya! Ai kai ne ɗan gida, kai ya kamata a kira tun farko." Aka shimfiɗa mani darduma. Aka yanka kaza. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa kirana da sunan nan ba.

Na ƙirga komai yadda na ji ana yi. Injin niƙa mai ƙarfin doki goma, ƙwai, fankoki, firji biyu. Na ware tashin inji, na ƙara sarari. Lissafi ya ba ni ashirin da biyar. A bayan rumfar kuwa na ga sabon dandamalin siminti, da ƙusoshi huɗu a tsaye, an rufe da tabarma. Da idona na gani. Na dawo na ce, "Alhaji, akwai wani abu da za a ƙara?" Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata, "Abin da ka gani shi ke nan, Injiniya." Na san ba banza aka rufe wurin nan ba. Amma in na faɗi lambar da ta fi, na nuna mashi na leƙa bayan rumfarshi ke nan, na kuma ƙaryata shi gaban mutanenshi, mutumin da ya taso tsaye don ni. Na ce ashirin da biyar.

Bayan wata biyu, ranar kasuwa, aka yi bikin buɗewa. Ga injin casar shinkafa mai doki ashirin zaune daram a kan dandamalin. An tara malamai, an yi addu'a, mata sun jera buhuna. Injin niƙa na aiki, aka danna na casa. Janareta ya yi wani irin nishi, ya tofar da baƙin hayaƙi, fitilu suka yi ja, komai ya tsaya. Aka sake, ya sake mutuwa. A na uku wani abu ya ƙone a ciki, ƙauri ya cika rumfar. Wani daga cikin taron ya ce, "Wa ya auna?" Alhajin da ya ce ni ne ɗan gida ya nuna ni da baki, ya ce, "Mai tsanin Injiniya."

Baba bai yi mani faɗa gaban mutane ba, bai taɓa ba. Ya je washegari da surukin, ya sa aka gyara wanda ya ƙone, ya samo mai buƙatar irinshi, aka kawo mai sittin, ya kashe maganar. Sai a gida, bayan la'asar, ya kira ni zaure.

"Ka ga dandamalin?"

"Na gani."

"Da ƙusoshin?"

"Na gani."

"To."

Ya ɓare goro. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Sai na fashe. Na ce, "Baba, laifin wa? Shekara nawa ina bin ka? Wa ya riƙe ka da kuna marayu in ba ubana ba? Ka tsallake ɗan wanka, ka je ka ɗauko bare ka damƙa mashi fensir!"

Ya ce, "Na duba takardarka. Lissafinka daidai yake, ko ni abin da zan samu ke nan in na rufe ido ɗaya. Kaza ɗaya aka yanka maka ka rufe."

Na ce, "To ka koya mani mana!"

Ya ce, "Tashi ka tafi. Gobe akwai aiki a Faskari, ka zo da dogon tsani."

Wata huɗu ban taka gidanshi ba. A wurin aiki kawai muke haɗuwa, gaisuwa ma a tsaye.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Baba mugu ne. Wanda ya faɗa a gabana sai an raba mu. Daminar da ta biyo, a Ruwan Godiya, falwaya ta jiƙe, ƙafata ta zame, na faɗo na karye a cinya. Mutumin nan ya haura sittin, ya hana kowa taɓa ni, ya goya ni a bayanshi har bakin titi. Yana haki yana zagina, "Sakarai, sau nawa na ce ka ɗaura igiya? Sau nawa?" Wata uku ina kwance hannun mai ɗori. Ya kira gayya aka nome mani gona, ya buɗe ma iyalina rumbunshi, kullum da hantsi sai ya zo ya zauna bakin gadona ya ba ni labarin aikin jiya. Ya goya ni a bayanshi, ya ba ni hatsinshi. Amma ko a lokacin, in ya ce "mun auna", na san da wa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ran Juma'a bayan an sauko masallaci na same shi shi kaɗai, Inna ta fita dama mashi kunu. Ƙafafun sun kumbura kamar turame. Na zauna, na ce a raina yau sai na ji.

"Baba, me na rasa?"

Ya daɗe yana neman numfashi. "Har yanzu maganar nan?"

"Har yanzu."

"Lissafi ka iya shi tun tuni. Kana tsammani ban san kunnenka na ƙasa ba in kana sama? Don wa nake ɗaga murya?"

Ya gyara kwanciya, ya ci gaba.

"Abin da ya rage ban san yadda ake koya shi ba. Mai auna wuta sai ya iya zama gidan babban mutum, ya ci abincinshi, ya kalle shi ya ce a'a. Surukina, a gidan da ba a durƙusa ma masu kuɗi ya tashi. Kai kuwa wana ya yi maka tarbiyya har ta yi yawa. In na tura ka, kunya za ta sa ka ƙona ma mutane dukiya, su tsine maka, ni kuma ba ni iya ji."

Na ce, "Da ka gwada ni. Bayan 'Yankara, da ka sake gwada ni."

Ya ce, "Da na gwada." Ya rufe ido.

Ban sani ba ko yarda ya yi ya yi kuskure, ko maganata kawai yake maimaitawa. Inna ta shigo da kunu. Bayan kwana huɗu ya cika.

Mako biyu bayan sadakar bakwai, wani Alhaji ɗan kwangila daga Sabuwa ya aiko mota har ƙofar gidana. Ya gina sabon bene. Ya riga ya kira surukin, surukin ya ce mashi ashirin. Shi kuma ɗari yake so, don abokin hamayyarshi na Faskari ya sa sittin. Masu sayar da injin sun ce ba su ɗaukar alhakin gyara sai ya kawo takarda da sa hannun wanda ya auna. Ya zaunar da ni a falonshi ya ce, "Wancan bai san darajar mutane ba. Kai ne jinin marigayi. Daga yau aikina da na abokaina duk naka ne, Injiniya." Aka ajiye sabuwar shadda a gefena. Aka kawo gasasshen nama.

Ba zan ɓoye ba, hannuna ya kai kan shaddar. Shekarata arba'in da shida. Abin da na jira ke nan, ga kuma damar in nuna ma garin nan cewa surukin ma ana iya tsallake shi.

Na ce a ba ni yini. Na ƙirga ƙwai da fankoki, firji, talabijin, iyakwandishan guda. Na zagaya baya, na samu masu haƙar rijiya na cin abinci, na zauna muka yi hira, suka ce famfo mai lantarki za a sa, yana Kano. Na ja direba da zance, ba wani abu a hanya bayan wannan. Na sa famfon, na ware tashinshi, na ƙara sarari. Na buga sau uku, ina roƙon Allah a raina ya ba ni ko da talatin ne, don dai in saɓa ma surukin. Ashirin. Ashe har famfon da ba a gaya mashi ba ya sa.

Na koma falo la'asar sakaliya. Ya yi baƙi, sun kai goma.

"Injiniya, ɗari ko?"

Na ce, "Alhaji, ashirin ne."

"Ban ji ba."

"Ashirin. In ka sa ɗari a gidan nan, zai riƙa zubar maka da baƙin mai a tsakar gida, na Faskarin ya zo ya gani. Abin da mijin ƙanwata ya gaya maka shi ne daidai. Ba ni sa hannu a ɗari."

Ya dube ni, ya dubi baƙinshi, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ashe duk gidan haka kuke." Ya sa aka ɗauke shaddar. Motar da ta kawo ni ba ta maida ni ba. A bayan motar hatsi na dawo Ƙanƙara, zaune kan buhun masara.

Washegari da safe surukin ya zo gidana, direban Alhajin ya ba shi labari. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, idonshi ya cika. Ya ce, "Yaya, na ji abin da ka yi a Sabuwa. Wallahi da Baba na nan da ya ce..."

Na ce, "Yi shiru."

"Yaya, ai..."

"Na ce yi shiru. Kai ka ji yabo daga bakinshi sau ɗari. Ni kar ka ara mani."

Muka zauna, ba mai kallon wani. Can na tura mashi kwanon koko, ya sha.

Ban ce na warke ba. Har yanzu in na ji an kira surukin Injiniya daga nesa sai raina ya sosu. Kuma har yanzu ina jin haushin Baba. Mako uku kawai tsakanin rasuwarshi da abin Sabuwa. Mutumin da ke yini guda a ƙofar baƙo don kar ya yi kuskuren lamba, ya kasa jira na mako uku.

Ya Allah, ƙanen ubana ne, ya goya ni a bayanshi, bai taɓa cutar kowa a lissafi ba. Ka jiƙanshi, ka yalwata mashi makwanci, ka haskaka shi. Abin da ya hana ni na yafe, ko da zuciyar ba ta gama yarda ba. In kuma ana gaya ma mamaci labarin gida, a gaya mashi na Sabuwa. Amin.